Tarihin Cinikin Murjani: Daga Bahar Rum Zuwa Ƙasar Damagaram

Murjani yana cikin tsofaffin kayan adon da matan ƙasar Hausa suka sani, kuma ya bambanta da yawancinsu ta wajen asali. Fata a gida ake jeme ta, baba a gona ake nomansa, ƙarfe daga tama ake fitar da shi, amma murjani ba ya samuwa sai a teku. Garin Waca, da ke gundumar Magarya a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, yana nesa da gaɓar Bahar Rum da fiye da kilomita 2,000, kuma mafi yawan wannan tazara hamada ce. Duk da haka jan murjanin wannan teku ya ratso ta, ya shiga kasuwannin Damagaram da Kano da Katsina, ya shiga lefe da gado. Cinikinsa ya haɗa masuntan Aljeriya da Italiya da attajiran Tarabulus da Gadamas da ayarin Abzinawa da 'yan kolin ƙauye. Tarihinsa kuma tarihi ne na arziki mai jinkirin girma wanda aka yi ta ɗiba har ya kusa ƙarewa kafin a yi masa doka.

Asalin murjani da ire-irensa

Malaman zamanin da sun ɗauki murjani a matsayin wani abu tsakanin dutse da tsiro, domin yana da tauri kuma yana da rassa. Alƙur'ani ya ambace shi sau biyu a Suratur Rahman, sau ɗaya tare da lu'ulu'u a cikin abin da teku ke fitarwa, sau ɗaya tare da yaƙutu. A shekarun 1720 wani likita ɗan birnin Marseille, Jean-André Peyssonnel, ya bincika shi a gaɓar Arewacin Afirka, ya gano cewa dabba ce. Abin da ake gani kamar reshe ƙashi ne na sinadarin alli, wanda ɗaruruwan ƙananan halittu ke ginawa suna zaune a kansa, suna kama abincinsu daga ruwa.

Iri biyu ne suka shafi wannan tarihi. Na farko shi ne jan murjani na ado, wanda masana ke kira Corallium rubrum. Mazauninsa Bahar Rum ne da wani ɓangare na Tekun Atlantika kusa da ita. Yana son duhuwa, yana maƙale a kogunan dutse da ƙarƙashin tudu, daga zurfin mita 10 har ɗaruruwan mitoci. Jan launinsa a cikin ƙashin yake, shi ya sa ba ya gushewa in an goge shi. Girmansa na da jinkiri ƙwarai: kaurin reshe ba ya ƙaruwa da ko rabin milimita a mafi yawan shekaru.

Iri na biyu shi ne murjanin da ke gina duwatsu masu faɗi a tekunan ƙasashe masu zafi, irin su Bahar Maliya da gaɓar Kenya da Tanzaniya da Indunusiya da Ostareliya. Wannan yana buƙatar ruwa mai ɗumi, mai haske, marar zurfi, saboda akwai wata ƙaramar gansakuka da ido ba ya gani da ke zaune a jikinsa tana samar masa abinci daga hasken rana. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da irin waɗannan duwatsu sosai, domin manyan koguna irin su Kwara da Volta suna zuba laka da ruwan daɗi a teku. Saboda haka duk murjanin da ya shigo ƙasar Hausa daga nesa ya fito.

Wuraren ciro shi da masu sarrafa shi

Wuri mafi suna a tsakiyar zamani shi ne Marsal Kharaz, wato garin El Kala na gabashin Aljeriya a yau. Masanin labarin ƙasa Al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa a tsibirin Sisili a 1154, ya ce jirage kimanin 50 ne ke aikin murjani a can, kowane da mutum kusan 20. Ya kuma bayyana cewa a Sabta, kusa da mashigin Jibralta, akwai kasuwa ta musamman inda ake yanka murjani, a goge, a huda, a jera a zare, kuma yawancinsa tsohuwar daular Gana da sauran ƙasashen baƙar fata ake kaiwa. Wannan ya nuna cewa tun ƙarni na 12 mutanen kudancin Sahara suna cikin manyan masu sayensa.

Hanyar ciro shi ta daɗe ba ta sauya ba. Ana giciya katako biyu, a ɗaura dutse mai nauyi a tsakiya, a rataya tsofaffin raga da igiyoyi a bakunan, sannan jirgi ya riƙa jan abin a ƙasan teku. Katakon ya kakkarya rassan, ragar ta kamo abin da ta kamo. Wani kaso mai yawa yana zubewa a ƙasa ya lalace, kuma ƙanana da manya duka ake karyawa.

Daga ƙarni na 16 Turawa suka karɓe mafi yawan sana'ar a gaɓar Arewacin Afirka. Gidan Lomellini na Genoa ya riƙe tsibirin Tabarka na Tunisiya daga shekarun 1540 har 1741, lokacin da mai mulkin Tunis, Ali Basha, ya ƙwace shi. 'Yan kasuwar Marseille sun kafa sansaninsu mai suna Bastion de France kusa da El Kala wajen 1561. Aikin yanka da gogewa ya taru a Genoa da Marseille da Livorno da Trapani, sannan daga 1805 ya koma garin Torre del Greco kusa da Napoli, wanda har yau shi ne cibiyar sana'ar. Daga waɗannan garuruwa murjani ke tafiya Indiya da Yaman da Afirka. Ta teku kuma Turawan Fotugal sun fara kai shi masarautar Benin a ƙarshen ƙarni na 15, inda ya zama kayan sarauta da sai da iznin Oba ake sa shi.

Hanyar hamada

A ƙarni na 19 babbar hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da Bahar Rum ita ce wadda ta taso daga Tarabulus, ta bi Gadamas da Gat, ta ratsa duwatsun Abzin, ta sauko Damargu da Damagaram, ta ƙare a Kano. Attajiran Gadamas ne ke da mafi yawan jari, Abzinawa kuma, musamman Kel Ewe, su ne masu raƙuma da jagorancin hanya. Tafiyar takan ci watanni. A irin wannan hanya kuɗin dako shi ke yanke wa haja hukunci, saboda haka fatake sun fi son abin da ba shi da nauyi amma yana da tsada, kuma ba ya lalacewa da zafi ko daɗewa. Murjani ya cika waɗannan sharuɗɗa. Yakan zo tare da alharini da takarda da madubi da allura da turare da duwatsun gilashi na Venis. Ayarin da ya juya arewa kuma yana ɗauke da jemammiyar fata da hauren giwa da gashin jimina da tufafin saƙi, har da bayi, waɗanda suka kasance babban ɓangare na wannan ciniki kafin a hana shi.

Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a Janairun 1824, ya lissafa duwatsun gilashi da na murjani a cikin kayan da ya gani a rumfunan kasuwar birnin. Larabawan da ke kawo su suna da unguwarsu, Dandalin Turawa, ba nisa da Kasuwar Kurmi. Matafiyan da suka je Barno a wannan ƙarni sun ambaci ƙwayar murjani da matan ƙasar ke sawa a hanci.

Damagaram da ƙasashen Sosebaki

Waca da Dungas da Mirya su ne ƙasashen Sosebaki, ƙananan masarautu da suka daɗe a ƙarƙashin inuwar Barno kafin su shiga hannun Damagaram a ƙarni na 19. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta daga tsakiyar ƙarnin zuwa 1884, Damagaram ta kai ƙololuwar ƙarfinta. An zagaye birnin Damagaram da ganuwa, an ƙera igwa, unguwar Zango kuma ta cika da Abzinawa da Larabawa da fataken Hausa. James Richardson ya sauka a garin a farkon 1851, Heinrich Barth kuma a ƙarshen 1852, dukansu sun same shi babban masaukin ayari. A ƙarshen ƙarnin attajirai irin su Malam Yaro suna hulɗa kai tsaye da Tarabulus.

Ƙasashen kudu, da ke kwarin Korama, su ne ke da ruwa kusa da hatsi da kanwa da dabbobi, kuma suna tsakanin manyan kasuwanni biyu, Damagaram a arewa, Kano a kudu. Kayan hamada ba a ayari suke isa irin waɗannan garuruwa ba. Babban attajiri yakan sayar wa dillali, dillali ya ba 'yan koli, su kuma su bi kasuwannin mako da allura da zare da kwalli da duwatsun wuya. A cikin gidaje dillaliya ce ke shiga da fita da su tsakanin matan kulle. Kowane hannu da murjani ya bi yana ƙara masa kuɗi, shi ya sa na ainihi ya fi yawa a gidajen sarauta da na attajirai, talaka kuma yakan samu 'yan ƙwayoyi ya gauraya da tsakiya ko gilashi.

Darajarsa a wurin mata ta wuce ado. Mace takan samu murjani ta lefe ko ta gado ko ta ribar sana'arta, kuma mallakarta ne ita kaɗai. Ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, ana iya raba zare ɗaya tsakanin magada, ana iya jinginar da shi ko a sayar ranar da buƙata ta taso. A ƙasar da wuri ne kuɗi, kuma darajar wurin ta yi ta faɗuwa a ƙarshen ƙarni na 19, irin wannan kadara ta fi tarin kuɗi aminci. Sunayen Murjanatu da Murja da ake raɗa wa 'ya'ya mata suna nuna matsayin da ya samu.

Mutuwar hanya da yaɗuwar jabu

Abubuwa uku suka sauya cinikin. Na farko ya faru a teku. A 1875 da 1878 da 1880 masunta suka gano manyan tarin murjani a kusa da garin Sciacca na Sisili. Ɗaruruwan jirage suka yi dafifi a kansu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, kafin Yaƙin Duniya na Farko kuma an kwashe kusan duka. Na biyu shi ne mulkin mallaka. Faransawa sun ci Damagaram a Yulin 1899, Ingilishi sun ci Kano a 1903, aka shata iyaka tsakanin Magarya da Daura da Kano. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta mamaye Tarabulus. Daga nan kayan Turai suka koma shigowa ta teku da jirgin ƙasa, ayarin Gadamas ya mutu, Waca da maƙwabtanta suka juya fuska kudu, zuwa kantunan Kano da kasuwannin iyaka irin su Maigatari da Babura.

Na uku shi ne kwaikwayo. Masana'antun gilashi na Venis da na Bohemiya da na garin Briare a Faransa sun ƙware wajen yin jajayen duwatsu masu kama da murjani a farashi kaɗan. Daga baya roba ta shigo, sannan wani farin murjani mai araha daga tekunan Asiya wanda ake rinawa ja. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan murjani a kasuwannin yau daga cikin waɗannan yake. Masu sana'a suna rarrabewa da alamomi sanannu: na ainihi yana da siraran layuka da ke bin tsawon reshe, gilashi yana da kumfa a ciki ko alamar inda aka haɗa mazubi, roba ba ta da nauyi kuma allura mai zafi tana shigarta, rinanne kuwa launinsa ya fi taruwa a bakin huda da cikin tsaga.

Bahar Maliya da hanyar hajji

Hausawa sun haɗu da ɗaya irin murjanin ta wata hanya dabam. Mahajjatan ƙasa, waɗanda ke bi ta Barno da Wadai da Darfur, sukan ƙare tafiyarsu ta Afirka a Sawakin, tsohuwar tashar jiragen Sudan. Yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira gabas, wasu suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Gidajen Sawakin da masallatanta da dutsen murjani aka gina su, wanda ake fasowa daga gaɓa. Haka ma tsohon garin Jidda, inda suke sauka a ɗaya gefen. Murjanin da ya gina Sawakin shi ne kuma ya taimaka wajen kashe ta: mashigarta ƙunci gare ta, duwatsu sun kewaye ta, manyan jirage ba sa iya shiga. Tsakanin 1905 da 1909 aka gina Port Sudan a arewa da ita, 'yan kasuwa suka ƙaura, gidajen suka riƙa rushewa.

Daga wannan teku ake samun baƙin murjani da Larabawa ke kira yusur, wanda ake yin carbi da shi, wani lokaci a yi masa ado da azurfa. Yana cikin tsarabar da alhazai suka daɗe suna dawowa da ita.

Duwatsun murjanin Sudan suna cikin waɗanda suka fi lafiya a Bahar Maliya, saboda babu babban kogi da ke zuba laka a gaɓar, kuma mutane ba su da yawa a bakinta. A 1963 mai binciken teku na Faransa, Jacques Cousteau, ya kafa gidan gwaji a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi. Sudan ta keɓe Sanganeb, mai nisan kilomita 25 daga gaɓa, a matsayin gandun teku a 1990, sannan Dungonab da tsibirin Mukkawar a 2004. Hukumar UNESCO ta sa su a jerin wuraren gadon duniya a 2016. Akwai kifaye iri-iri a cikinsu da kunkurun ruwa da wata dabba 'yar uwar ayu. Ƙasashen yankin sun sa hannu kan Yarjejeniyar Jidda ta kare tekun a 1982. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, wanda ya mai da Port Sudan mazaunin gwamnati da mafakar 'yan gudun hijira, ya ƙara wa gaɓar nauyi a daidai lokacin da hankalin hukuma ya koma wani wuri.

Raguwa da dokokin kariya

A Bahar Rum ɓarnar ta ƙaru a ƙarni na 20, da aka sa wa jirage inji, aka maye katako da sandar ƙarfe mai nauyi, masu nutso da tulun iska kuma suka fara shiga kogunan da raga ba ta kaiwa. Abin da ake cirowa a shekara ya kai kusan tan 100 a ƙarshen shekarun 1970, sannan ya faɗi ƙasa da rabin haka a shekarun 1990. A wurare da yawa marasa zurfi murjanin bai ƙare ba, amma sai ƙananan rassa suka rage.

Dokoki sun biyo baya. Tarayyar Turai ta haramta jan sanda da raga a kan murjani a 1994. Aljeriya ta dakatar da ciro shi a 2001. Hukumar kamun kifi ta Bahar Rum, da ke ƙarƙashin FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta hana ciro shi a zurfin da bai kai mita 50 ba a 2011, a 2012 kuma ta hana yanke reshen da kaurin gindinsa bai kai milimita 7 ba, kaurin da yakan ci shekara 20 zuwa fiye da 30 kafin a kai shi. Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, kuma Nijar da Najeriya suna cikinta tun 1975, ta sa baƙin murjani a jerinta a 1981. An nemi a sa jan murjani a taron Hague na 2007 da na Doha na 2010, amma ba a samu ƙuri'un da ake buƙata ba.

Darasin waɗannan dokoki ba baƙo ba ne a kudancin Damagaram. Ana ruwaito cewa Sarki Tanimun ya sa hukunci mai tsanani a kan sare gawo, kuma daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya da Matamai da Mirya sun raya gawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 1 ta hanyar barin toho ya girma. Kamar gawo, murjani yana dawowa in an ɗaga masa hannu tsawon lokaci, kuma an ga haka a wuraren da aka keɓe shekaru da yawa, irin su Scandola a tsibirin Kosika.

Sai dai babbar barazanar yanzu ba ta masu ciro ba ce kaɗai. In zafin ruwa ya wuce na al'ada da digiri 1 kacal na tsawon makonni, murjanin ƙasashe masu zafi yakan kori gansakukar da ke ciyar da shi, ya koɗe ya yi fari, in zafin ya daɗe ya mutu. An ga irin wannan koɗewa a faɗin duniya a 1998 da 2010 da 2014 zuwa 2017, sannan aka sanar da ta huɗu a Afrilun 2024. Wani rahoton ƙasa da ƙasa na 2021 ya nuna cewa an rasa kashi 14 cikin 100 na murjanin duniya tsakanin 2009 da 2018. Jan murjanin Bahar Rum ma ya mutu da yawa a zafin 1999 da na 2003. Duwatsun murjanin ƙasashe masu zafi ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku sun dogara da su, kuma su ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa garuruwan gaɓa.

Dokar zurfi da ta kauri da keɓe gandu za su iya tsare murjani daga hannun masunta da 'yan kasuwa, amma ba za su sanyaya teku ba. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2018 cewa in zafin duniya ya ƙaru da digiri 1.5 a kan na kafin zamanin masana'antu, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na duwatsun murjani za su lalace, in ya kai digiri 2 kuwa fiye da kashi 99 ne. Saboda haka makomar Sanganeb da sauran irinta ta rataya ne a kan yawan hayaƙin da manyan ƙasashe za su yarda su rage.